Dabarun Bakteriyar Ƙunar Ganye Wajen Karya Garkuwar Shinkafa

A 1884 aka fara lura da cutar ƙunar ganyen shinkafa a lardin Fukuoka na Japan, kuma a 1979 aka ba da rahoton ɓullarta a Mali. Bakteriyar Xanthomonas oryzae ce ke haddasa ta. Daga gefen ganye take farawa: wani layi mai alamar jiƙewa ya bayyana, ya koma rawaya, daga bisani ganyen ya bushe ya yi fari-fari. Hujjar wannan maƙala ita ce ƙarfin cutar ya dogara ne ga iya sarrafa ƙwayoyin gadon shinkafar, saboda haka a cikin iri za a nemi maganinta, feshi ba zai wadatar ba.

Bakteriyar kan shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke fitar da ruwa, ko ta raunin da iska da ruwan sama suka yi, sai ta yi ta hayayyafa a jijiyoyin da ke kai ruwa. Daga nan take amfani da wata 'yar allura ta furotin tana tura sinadarai cikin tantanin shukar. Rukuni na farko, irin su XopN da XopQ, aikinsu danne gargaɗin da shuka ke bayarwa idan ta ji baƙo.

Rukuni na biyu, mai suna TAL, ya fi haɗari. Sukan kutsa har cibiyar tantani, su manne a kan makunnin ƙwayoyin gado na SWEET, masu fitar da sukari. Da zarar sun kunna su, sukari zai malalo inda bakteriyar take. Tamkar ɓarawo ne ya sa maigida ya buɗe masa rumbu da hannunsa. Nau'o'in bakteriyar na Afirka sun dogara da TalC wajen kunna SWEET14. Wasu na Asiya kuwa suna ɗauke da guntattakin TAL da ke rufe idon Xa1, ƙwayar gadon da ya kamata ta gano maharin.

To, ina mafita? A 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kaliforniya ta Davis suka ware ƙwayar gadon garkuwa mai suna Xa21, wadda asalinta daga shinkafar daji ta Mali ne. A 2019 kuma masu bincike suka sauya makunnan SWEET ta fasahar CRISPR, TAL ya rasa wurin mannewa.

Mai suka zai ce bakteriya tana sauya salo, kuma yana da gaskiya: annobar da ta ɓulla a Tanzaniya a 2019 daga nau'in Asiya ta fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙwayar gado guda ba za ta isa ba. Dole a tara garkuwa da dama cikin iri ɗaya, a tantance irin da ke tsallaka iyakoki, a rage yawan takin yuriya, a kuma adana shinkafar dajin Afirka ta Yamma da manoma ke ɗauka ciyawa ce.