Minda da Takardarta

Ya ku 'yan makaranta na Malisa da Gwandu da Kalgo, akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda sana'arsu tara mindodin yaƙi ne, suna saye da kuɗi masu yawa. Daga cikin waɗanda suka fi nema akwai ta Jamus, mai suna Gicciyen Ƙarfe. Sarkin Furusiya ya ƙago ta a 1813, lokacin yaƙi da Nafoliyon, aka sabunta ta a 1870 da 1914. A 1939 Hitila ya ɗora mata alamar jam'iyyarsa, amma a 1957 dokar Jamus ta Yamma ta hana a ɗaura ta da wannan alama.

To, ga abin lura. Mindodin da Ingilishi suka raba bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 suna ɗauke da sunan soja da lambarsa. Ita kuwa ta Jamus ba a buga mata suna. Takardar da ake bayarwa tare da ita, ita ke faɗin sunan mutum, da rundunarsa, da ranar da aka ba shi, da sa hannun hafsa. Saboda haka masu tarawa sun fi darajanta wadda ta zo da takardarta, gama maƙeri yana iya ƙera ta jabu.

Wannan magana ta shafe mu, domin akwai namu a ciki, watau Samanja Chari Maigumeri. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yaƙi Ingilishi, har suka kama shi a 1915, shekarar da suka ci Garwa. A 1917 ya shiga rundunar Nijeriya. A yaƙin Hitila ya tafi Habasha, inda ya sami mindar jaruntaka ta Ingilishi, daga baya ya tafi Bama. Ya bar aiki a 1953 da girman Kyaftin, aka kuma sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa.

Masu ba da labarinsa suna cewa Jamus sun ba shi Gicciyen Ƙarfe. Amma bisa al'adarsu, wata minda dabam suke ba baƙaƙen sojansu. Kun ga inda takarda take da amfani ke nan: ita ke raba gardama, gama gani ya kori ji.

Ku dubi gidajenku. Dubban 'yan Arewa sun tafi Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka komo da mindodi da littafin sallama. Mindar takan daɗe a ƙasan akwati, amma takarda abincin gara ce, damina kuma ba ta ƙyale ta. Ranar da ta lalace, sai a rasa abin da zai nuna wa jikoki inda kakansu ya yi yaƙi.

Don haka wanda duk ya tarar da irin wannan a gidansu, kada ya raba minda da takardarta, kada kuwa ya bari dillali ya ruɗe shi. Ya kwafe abin da ke rubuce, ya tambayi tsofaffi labarin mai ita tun suna da rai, ya ajiye duka wuri guda inda laima ba ta kaiwa.