Yadda ake ɗora manhajar Linux a kan kwamfuta

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da wani tsari na musamman na ƙarin wa'adi.

Windows 11 da ta gaje ta kuma ba ta hawa kan kowace kwamfuta, domin tana buƙatar wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 wadda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da ita.

Wannan batu ya shafi garuruwa irin su Kaikai da Kusada da Kankiya a jihar Katsina, inda ɗalibi ko malamin makaranta kan sayi kwamfuta ta hannu daga kasuwannin Kano ko Katsina. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ke gudanar da jarrabawarta baki ɗaya a kan kwamfuta, don haka tsohuwar kwamfutar gida ba abin yarwa ba ce.

Hanya ɗaya ta ci gaba da amfani da ita ita ce a ɗora mata Linux.

Mece ce Linux?

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ne ya fara rubuta ginshiƙinta a birnin Helsinki a shekarar 1991, aka haɗa da manhajojin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983.

Lasisinta ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wanda ya ba abokinsa kwafin Linux bai karya doka ba.

Nau'o'inta na da yawa. Daga cikin waɗanda suka fi sauƙi ga ɗan koyo akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a watan Oktoban 2004, da Linux Mint da ta fito a 2006, wadda aka gina a kan Ubuntu kuma fuskarta ta yi kama da ta Windows.

Ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A 2007 an kulla yarjejeniyar kawo wa makarantun ƙasar ƙananan kwamfutoci 17,000 ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, lamarin da ya jawo cacar baki tsakanin kamfanin da Microsoft. Wayoyin Android da ke hannun jama'a ma a kan ginshiƙin Linux suke aiki.

Shiri kafin a fara

Abu na farko shi ne a kwashe duk takardu da hotuna da ke cikin kwamfutar zuwa wani filas ko wata ma'ajiya ta daban, a kuma buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Kusan duk asarar da 'yan koyo ke yi daga tsallake wannan mataki take fitowa.

Daga nan sai a sauke fayil ɗin manhajar daga shafin masu ita. Ubuntu ta 24.04 ta kai kimanin gigabait 6, tana kuma buƙatar ram mai gigabait 4. Linux Mint ba ta wuce rabin wannan girma ba, tana kuma iya aiki da ram mai gigabait 2, musamman nau'inta na Xfce. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa a ƙauye, wannan bambanci kaɗai ya isa dalili. Fayil guda kuma zai iya wadatar da gari guda.

Ba a kwafa fayil ɗin cikin filas kamar waƙa. Ana amfani da wata 'yar manhaja, Rufus ko balenaEtcher, ta rubuta shi a kan filas mai gigabait 8, kuma za ta share duk abin da ke cikin filas ɗin.

Sai batun wuta. Aikin kan ɗauki minti 20 zuwa 40, kuma idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar raba ma'ajiya, ana iya rasa tsohuwar manhaja da sabuwar duka. A cika batir, ko a bari sai an samu sola ko janareta.

Gwaji tukuna

Ana soka filas ɗin, a kunna kwamfuta, a riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: galibi F12 a kan Dell da Lenovo, F9 a kan HP. Idan aka zaɓi filas, Linux za ta buɗe ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutar ba.

A nan ne ya kamata a gwada sauti da intanet da firinta. Abin da ya ƙi aiki a wannan mataki, zai yi wuya ya gyaru da kansa bayan an gama.

Manhajar ɗorawar za ta tambayi harshe, da yankin agogo, wanda ga Najeriya Legas ne, da tsarin allon rubutu. A cikin jerin akwai na Hausar Najeriya mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, abin da marubuta Hausa suka daɗe suna fama da rashinsa.

Raba ma'ajiya

Nan ne wurin da ake yin ɓarna. A Linux Mint, zaɓin da aka rubuta wa "Erase disk" zai goge ma'ajiyar kwamfutar ƙarƙaf, har da Windows da takardun mai ita. Akwai zaɓi na biyu da ke zaunar da Linux kusa da Windows da kansa. Na ukun, "Something else", shi ne yin aikin da hannu.

Raba ma'ajiya tamkar yanka fili ne zuwa fuloti. Linux ba ta amfani da sunaye irin su C da D. Takan kira ma'ajiyar sda ko nvme0n1, sannan ta ba kowane yanki lamba. Tun da sunayen ba za su yi wa ɗan koyo jagora ba, girman yanki ne zai nuna masa wanne ne wanne, don haka yana da kyau ya rubuta girman kowanne a takarda tun yana cikin Windows.

A kwamfutar da za a bar wa Linux ita kaɗai, yankuna uku sun isa. Na farko ƙarami ne, kimanin megabait 500, da ake kira EFI, daga nan kwamfuta ke tashi. Na biyu shi ne mazaunin manhajar, mai alamar /, wanda za a ba gigabait 30 zuwa 50 a tsarin ext4. Sauran filin sai a ba /home, inda takardun mai kwamfuta za su zauna.

Amfanin wahalar yana cikin yanki na uku. Ranar da manhajar ta lalace, ko aka so sauya ta da wata, sai a goge yanki na biyu kawai a bar /home yadda yake. Masu gyara da yawa sun saba da yi wa kwamfuta fomatin baki ɗaya da zarar ta yi tari, kuma a irin haka ne ɗalibai ke rasa kundin bincikensu.

Wanda yake son riƙe Windows sai ya fara rage girman yankinta daga cikin Windows ɗin, ya kashe BitLocker idan tana kunne, sannan ya yanka wa Linux daga filin da ya rage. Yankin EFI da ya tarar zai yi amfani da shi, amma kada ya sa masa alamar gogewa.

Kafin a rubuta komai, manhajar za ta nuna jerin yankunan da za ta goge. Wannan ce dama ta ƙarshe ta komawa baya.

Bayan an gama

Saura suna da kalmar sirri, wadda za a riƙa nema duk lokacin da za a ƙara wata manhaja. Idan an kammala sai a cire filas a sake kunna kwamfuta. Inda akwai Windows, wani ɗan jeri mai suna GRUB zai riƙa tambayar wadda za a shiga.

Linux Mint na zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, kodayake takarda mai tsari da yawa kan ɗan sauya kama.

Sai dai ba kowa za ta yi wa ba. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda shagunan buga katin biki da kalanda suka dogara da su, ba su da nau'in Linux, haka ma wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa da Windows kaɗai suke aiki. Ga irin waɗannan shaguna, zaman manhajojin biyu a kan kwamfuta ɗaya ya fi dacewa.