Yadda Jitar Bes Ta Sami Tsirkiya Ta Biyar

Duk wanda ya saba sauraron kiɗan zamani ya san wata murya mai kauri da ke bin ƙarƙashin waƙa, wadda sau da yawa ƙirji ke riga kunne jin ta. Wannan murya ta wata jita ce mai aiki da lantarki, wadda ake kira bes. Shekara da shekaru da tsirkiya huɗu aka san ta, amma a yau idan mutum ya dubi makaɗa a kan dandali, zai yi wuya bai ga mai tsirkiya biyar ba. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan tsirkiya da aka ƙara, mu ga inda ta samo asali da abin da ya tilasta ƙara ta. Za mu tarar cewa makaɗan da suka ga abincinsu na neman kuɓuce masu su ne suka nemo ta, kamfanoni kuwa daga baya suka biyo sahu.

Ƙara wa abin kiɗa tsirkiya tsohuwar al'ada ce. Masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa Ziryab, mawaƙin da ya isa Ƙurɗuba a shekarar 822, ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. A Turai ma, babban gogen nan mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye, wanda shi ne kakan jitar bes, ya daɗe da tsirkiya uku a hannun gwanaye irin su Domenico Dragonetti da Giovanni Bottesini. Daga baya huɗu ta zama ƙa'ida, sa'annan a ƙarshen ƙarni na 19 maƙera a Jamus suka fara yin mai biyar, domin mawallafan kiɗa na rubuta muryoyin da suka fi ƙarfin tsirkiya huɗu zurfi.

Ita kuwa bes ta lantarki, wani mutumin Seattle da ke Amurka mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irinta a tsakiyar shekarun 1930, amma ba ta sami kasuwa ba. Sai a shekarar 1951, da Leo Fender ya fito da Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, duniya ta karɓe ta. Fender ya ba ta tsirkiya huɗu, ya ɗaure su a kan muryoyin babban goge, waɗanda Turawa ke wa laƙabi da E, A, D da G. Mafi kauri a cikinsu, wato E, tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya. A nan zurfin jitar ya tsaya, ba ta iya sauka ƙasa da haka.

Kamfanin Fender ne ya fara gwada tsirkiya ta biyar, a shekarar 1965, da wata jita mai suna Bass V. Sai dai ya ƙara ta ne ta wajen sama, wato siririyar tsirkiya mai muryar C, ya kuma rage gaɓoɓin wuyan jitar zuwa 15. Manufarsa ita ce makaɗi ya riƙa samun muryoyin sama ba tare da hannunsa ya yi doguwar tafiya ba. Makaɗa ba su ga amfanin hakan ba, 'yan kaɗan aka sayar, har ta kai ragowar gangar jikin da aka sassaƙa sai wata jita daban aka yi da su, mai suna Swinger. A farkon shekarun 1970 aka daina yin ta. Kamfanin ya yi susa ne a inda ba ya ƙaiƙayi, domin abin da ke damun makaɗa yana ƙasa.

Damuwar kuwa iri biyu ce. Ta farko, waƙoƙin da ake haɗawa da kayan busa sukan zauna a kan muryar da ke ƙasa da E da rabin taki kacal, sai mai bes ya rasa ta a jitarsa, dole ya haura sama ya kaɗa siririyar 'yar'uwarta, kiɗan ya rasa nauyi. Ta biyu ita ce ta fi tsanani. A shekarar 1970 aka fito da Minimoog, na'urar haɗa sauti mai madannai irin na fiyano, wadda ke iya sauka ƙasa da inda bes ta tsaya. Stevie Wonder ya riƙa kaɗa wa kansa muryar bes da irin waɗannan na'urori a fayafayansa na farkon shekarun 1970, haka nan Bernie Worrell ya yi a waƙar Flash Light ta ƙungiyar Parliament a 1977. Da Yamaha ya fito da DX7 a 1983, sai na'urar ta shiga kusan kowane situdiyo. Makaɗin bes da ke cin abinci da ɗaukar faifai ya wayi gari mai madannai yana yin aikinsa, har ma ya fi shi zurfin murya. Idan kiɗa ya sauya, in ji Bahaushe, rawa ma sai ta sauya.

Mutum biyu tarihi ya fi ambata a wannan gaɓa. Na farko shi ne Anthony Jackson, ɗan birnin New York, wanda aka haifa a 1952 ya kuma rasu a 2025. Shi ne ya kaɗa bes ɗin waƙar For the Love of Money ta ƙungiyar O'Jays a 1973. Ra'ayinsa shi ne bes daga zuriyar jita take, saboda haka shida ya kamata tsirkiyoyinta su zama, a ƙara mai kauri a ƙasa da siririya a sama. A 1975 wani maƙerin jita mai suna Carl Thompson ya ƙera masa ta farko, amma tsirkiyoyin sun matsu da juna, yatsa ba ya samun sakewa. Jackson ya koma wa tsohuwar Fender ɗinsa mai huɗu, yana sassauta tsirkiyoyinta domin su yi ƙasa, kuma da ita ya yi aiki a fayafayan Chaka Khan na 1980 da 1981. Sai da ya bi ta hannun Ken Smith, sa'annan kamfanin Fodera na Brooklyn, kafin ya sami abin da ransa ke so.

Na biyu shi ne Jimmy Johnson, ɗan jihar Minnesota, wanda mahaifinsa makaɗin babban goge ne a ƙungiyar makaɗan jihar. Ya tashi ya san cewa akwai hanyar da ake bi a ƙara wa goge zurfi, don haka a 1976 ya sa kamfanin Alembic ya ƙera masa bes mai tsirkiya biyar, kamfanin GHS kuma ya murɗa masa sabuwar tsirkiyar mai muryar B. Wannan tsirkiya tana girgiza kimanin sau 31 a daƙiƙa, ta kuma ba makaɗi ƙarin muryoyi biyar a ƙasa da E. Tsarin Johnson ne ya zama ruwan dare daga baya, domin biyar ta fi shida sauƙin riƙo da sauƙin koyo. Yamaha ya fito da BB5000 a 1984, Music Man ya biyo baya da StingRay 5 a 1987, daga nan sauran kamfanoni suka shigo.

To, ina makaɗin da ba shi da kuɗin sayen sabuwa, ko wanda hannunsa ya saba da tsohuwar jitarsa? Shi ne ya ɗauki tasa mai huɗu ya kai wa masu gyara a yi mata ƙari, kuma aikin ya wuce ɗaura tsirkiya kawai. Sai an huda kan jitar an dasa kunne na biyar na ɗaure tsirkiya. Sai an sassaƙa sabon ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya, a yi masa tsaga biyar. Sai an sauya jakin da suke kwanciya a kansa a gindi. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ma sai an duba shi, domin idan tsirkiya ta kauce daga saitinsa muryarta za ta dusashe. Bugu da ƙari, kowace tsirkiya tana jan wuyan jita da nauyin da ya kusa kilo 20, saboda haka dole a ƙara ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, in ba haka ba ya tanƙware. Bayan duk wannan, wuyan yana nan da faɗinsa na da. Tazarar milimita 19 da aka saba da ita tsakanin tsirkiya da tsirkiya sai ta ragu, makaɗi ya faɗa cikin matsin da Jackson ya yi kuka da shi tun 1975.

Wannan ya sa wasu suka bi gajeriyar hanya. Akwai masu cire siririyar G su matsar da sauran, su sa B a gurbin E, jitar ta tsaya da huɗunta amma ta yi zurfi. Akwai kuma masu dasa wani ɗan mariƙi a kunnen E, irin wanda kamfanin Hipshot ke yi, wanda da an taɓa shi sai tsirkiyar ta sauka zuwa D.

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa tsirkiya ta biyar ba ta kori ta huɗu ba, domin har yau Precision Bass mai huɗu tana cikin jitocin da aka fi ɗaukar faifai da su. Abin da ta yi shi ne ta tsare wa mai bes gurbinsa a lokacin da na'ura ta so ƙwace shi, ta ba shi damar sauka inda mawallafin kiɗa ya nema ba tare da ya sauya jita ba.