Yadda Gasar Furanni Ta Haifar wa Daliya Maƙiyi

Wanda ya bi ta lambunan Ingila tsakanin Agusta da Oktoba zai iya cin karo da abin da zai ɗaure masa kai: jerin furannin daliya, kowanne an ɗaure shi jikin sanda, a kan kowace sanda kuma an kife 'yar tukunyar ƙasa cike da busasshiyar ciyawa. Tarko ne, an ɗana shi domin wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda da wuya tsawonsa ya wuce santimita ɗaya da rabi, mai ƙaho biyu a wutsiya masu buɗewa da rufewa. Masana suna kiransa Forficula auricularia, a nan kuwa za mu ce masa mai almakashi. Kusan shekara 200 ke nan masu lambu a Turai suna farautarsa saboda daliya, kuma littattafansu suna ba da labarin kamar gaba ce ta asali, irin ta kyanwa da ɓera. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ƙwaron nan ba ya kashe daliya, ba ya hana ta fure, ba ya taɓa saiwarta a ƙasa. Abin da yake ɓatawa shi ne makin da alƙalin gasa zai ba furen, kuma sai da aka ƙirƙiro alƙalin da ma'auninsa kafin mai almakashi ya zama abokin gaba na ɗaya.

Daliya 'yar tsaunukan Meziko ce da Amurka ta Tsakiya. Mutanen Aztek sun san ta tun kafin zuwan Sifaniyawa, kuma Francisco Hernández, likitan da Sarki Filib na Biyu ya aika ya nazarci tsirran ƙasar a shekarun 1570, ya bayyana ta a rubuce-rubucensa. Amma ba ta samu wurin zama a Turai ba sai bayan shekara 200, lokacin da Vicente Cervantes na lambun nazarin tsirrai na birnin Meziko ya aika irinta Madrid a 1789. Antonio José Cavanilles ya shuka, ta yi fure, a 1791 ya raɗa mata suna don tunawa da Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Siwidin. A 1804 Lady Holland ta aika iri daga Madrid zuwa gidanta na Landan, a daidai wannan lokaci kuma irin da Alexander von Humboldt ya turo daga Meziko ya isa Balin. Abin lura a nan shi ne siffar furen. Daliyar daji buɗaɗɗiya ce: jerin ganyen fure guda ɗaya, yawanci takwas, kewaye da tsakiya mai ruwan ɗorawa inda ƙudan zuma ke sauka. Ba ta da lungu, ba ta da saƙo. Ƙwaron da ke neman maɓoya ba shi da abin yi a cikinta idan gari ya waye.

Cikin shekara 30 aka sauya mata kama. Daliyar lambu tana ɗauke da jerin ƙwayoyin gado har takwas a inda yawancin tsirrai ke da biyu, shi ya sa idan aka shuka irinta 'ya'yan kan fito kowanne da nasa launi da siffa. Masu lambu a Beljiyam da Jamus da Faransa suka yi ta zaɓen masu yawan ganyen fure, wajajen 1815 aka samu masu cikakken ninki, waɗanda tsakiyarsu ta ɓace ƙurmus. Da aka shiga shekarun 1830 abin ya zama zazzaɓi a Ingila. Dama can akwai ƙungiyoyin masu son furanni, da yawansu masaƙa ne da masu sana'ar hannu, waɗanda ke gasa a kan furanni kamar tulib da kaneshan, sai suka rungumi daliya hannu bibbiyu. Joseph Paxton, shugaban masu lambun gidan Chatsworth, ya wallafa littafi sukutum kan nomanta a 1838. George Glenny kuwa, ɗan jarida mai kaifin harshe kuma gogan shirya gasa, shi ya yi fice wajen tsara ƙa'idojin kamala: a dubi furen ta gaba ya zama da'ira cikakkiya, a dube shi ta gefe ya kusa zama ƙwallo, kowane ganye ya kwanta kan na ƙarƙashinsa a tsare, bakinsa sumul ba tsaga. Da wannan ma'auni aka riƙa raba kuɗi da kofuna, kuma sabon irin da ya ci gasa yakan yi tsada a hannun masu sayar da dashe.

A nan ne hanyar furen da ta ƙwaron suka haɗu, kuma mutum ne ya haɗa su. Mai almakashi ɗan Turai ne tun fil azal. Da dare yake yawo, da rana kuwa sai ya nemi matsattsen wuri mai duhu inda jikinsa zai taɓa bango ta sama da ta ƙasa, ya lafe. Furen da aka ninka masa ganye ɗari da wani abu, kowanne a naɗe, ya zama masa ɗaki da rumbu a wuri guda. Sandar gorar da ake tokare dashen da ita ma rami gare ta. Lokaci ma ya yi masa daidai, domin 'ya'yan da uwa ta ƙyanƙyashe a ramin ƙasa a farkon shekara (uwa ce mai kula, tana gadin ƙwanta tana lashe su don kada su yi fumfuna) sukan girma su yawaita a ƙarshen lokacin zafi, daidai sa'ar da daliya ke buɗewa, ana shirin gasar watan Satumba. Cizon dare ɗaya a gefen ganye uku ko huɗu ba ya rage wa tsiron komai. A teburin gasa kuwa ya isa ya mayar da wahalar wata shida banza. Wanda ya kwana yana gadi da fitila a lambunsa ba amfanin gona yake karewa ba, sumul ɗin bakin ganye yake karewa.

Za a iya cewa ai an tsani ƙwaron nan tun kafin daliya ta taka Turai, kuma gaskiya ne. Littattafan lambu na ƙarni na 17 da na 18 suna koyar da a rataya kofaton dabba ko ƙafar ƙaguwar teku ko kan lofe a bisa sanda, a zo da safe a kakkaɓe abin da ya shiga. Amma a duba inda ake rataya su. Mafi yawa a kan kaneshan ne, wanda shi ma furen gasa ne mai ninki, wanda masu shi ke gyara wa ganye ɗaya bayan ɗaya kafin a kai gaban alƙali. Wannan ƙorafi, maimakon ya rushe hujjar, ƙarfafa ta yake yi: inda duk aka kafa ma'aunin da ba ya yafe tabo, nan ƙwaron ke zama mai laifi. Wurin da ƙorafin ke da ƙafa shi ne 'ya'yan itace masu laushin fata irin su fich da afirikot da ake nomawa jikin katanga, domin a nan mai almakashi kan huda abin ci ne, ruɓa ta biyo baya. Sai dai ba fich ne ya sa tukunyar da aka kife ta zama abin gani a kowane ƙaramin lambu ba. Daliya ce, saboda ita ce furen gasar da talaka mai ɗan fili a bayan gida ya iya nomawa ya kara da mai lambun basarake.

Tarkon kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi yawancin abin da ya zo bayansa hikima. Ba ya yaƙi da ɗabi'ar ƙwaron, amfani yake da ita. Tun da ƙwaron hawa yake yi da dare, kuma lungu yake nema da asuba, sai a ba shi lungun da ya fi furen daɗi a can ƙololuwar sanda. Wasu kan sanya guntayen karan wake masu rami a tsakanin ganye, da safe su hure su cikin bokitin ruwa. Aibinsa ɗaya ne, yana cin lokaci, kullum sai an zagaya an zazzage. A zamanin da manyan gidajen Ingila ke da yaran lambu rututu wannan ba matsala ba ce. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe waɗannan ma'aikata, albashi ya tashi, sai hankali ya koma kan guba. A can Amurka, inda ƙwaron ya isa a farkon ƙarni na 20 ba tare da maƙiyansa na gida ba, ya yi yawan da har birnin Portland na jihar Oregon ya kafa ofishi na musamman don yaƙarsa a shekarun 1920, ana baza abinci mai guba unguwa-unguwa, aka kuma shigo da wani ƙuda daga Turai mai cin ƙwaron ta ciki. Bayan Paul Müller ya gano ƙarfin gubar DDT a 1939, da shi da hodar lindane suka zama amsar da ake ba duk mai kuka da mai almakashi.

Mai kare wannan zamani zai ce gubar ta yi aiki, kuma bai yi ƙarya ba. Ta kashe ƙwaron, ta ba da furanni marasa tabo da ƙaramar wahala. Tambayar ita ce me kuma ta kashe, kuma a madadin me. Masu gonakin tuffa na cikin waɗanda suka fara ganin amsar: bayan feshin da ba ya zaɓe, wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu tsotsar ganye, waɗanda da ba a damu da su ba, suka zama annoba, saboda an hallaka masu cinsu. Littafin Rachel Carson, Silent Spring, na 1962 ya fito da maganar fili, Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972, Birtaniya ta bi baya a shekarun 1980. Binciken da aka yi a gonakin tuffa na Holan da na jihar Washington a waɗannan shekaru ya nuna cewa mai almakashi babban maciyin darɓa ne, musamman farar darɓa mai kama da auduga da ke addabar itacen tuffa, kuma inda aka rage shi ita sai ta yi yawa. Daga nan abin mamaki ya faru. Tukunyar nan dai, da ciyawarta, aka ɗauke ta daga kan sandar daliya aka rataya a reshen tuffa, ba don a kashe ƙwaron ba, don a ba shi masauki. Ƙungiyar lambu ta masarautar Birtaniya, RHS, yanzu shawararta ita ce a haƙura da shi, in kuma ya matsa wa fure a kama shi a kai shi wurin itatuwa. Ƙwaron bai sauya abincinsa ba tsakanin 1840 da yau. Da can ma yana cin darɓar da ke kan daliyar da ake kashe shi dominta, ba a dai sa wannan a lissafi ba, tun da alƙali ba ya ba da maki a kansa.

Akwai iyaka ga wannan hujja, kuma ya kamata a faɗe ta. Ba kowane mai ɓarna a lambun daliya ne ma'aunin kyau ya ƙirƙiro ba. Dodon koɗi, mai ɓawo da marar ɓawo, yakan cinye sabon toho ƙaf a dare ɗaya a farkon shuka, tsiron ya mutu ko ya tsumbure. Darɓa kuma tana ɗauko cutar bairos daga dashe zuwa dashe, cutar ta zauna cikin saiwa, ta bi ta har shekara mai zuwa, ba magani sai tumɓukewa. Waɗannan asara ce ta gaske ko da babu gasa a duniya. Amma ko a nan tarihin bai tsaya cik ba: ƙwayoyin metaldehyde da aka dogara da su kan dodon koɗi tun shekarun 1930 an hana amfani da su a waje a Birtaniya daga Afrilun 2022, saboda illarsu ga tsuntsaye da bushiya da sauran dabbobi. Kuma lura da darɓa ya ƙara nuna rashin dabarar tsohon yaƙin, domin an shafe shekaru ana kashe ɗaya daga cikin masu rage ƙwaron da ke kawo cutar da ta fi kowace ɓarna tsanani.

Ƙorafi na ƙarshe na 'yan kasuwa ne, kuma shi ya fi nauyi. Mai noman daliya don sayarwa ga masu biki ba zai iya gaya wa amarya cewa ramin da ke jikin furenta alamar lafiyar lambu ce ba. Ma'aunin Glenny bai mutu ba, ya bar zauren gasa ne kawai ya koma shagon furanni da hotunan waya, kuma ƙungiyar masu daliya ta National Dahlia Society da aka kafa a 1881 har yanzu tana shirya gasarta kowace shekara, tabo kuma har yanzu yana rage maki. Ba wanda ke da hurumin ce wa irin wannan manomi ya bar amfanin guminsa. Sai dai abin da da yawansu suke yi a yau ya nuna sun gane inda matsalar take. Sukan zura wa kowane toho 'yar jakar yadi mai shara-shara tun kafin ya buɗe, su ɗaure bakinta a jikin kara, furen ya buɗe a ciki. Aiki ne mai cin lokaci kamar zazzage tukwane, kuma ana yinsa ne ga furannin da za a yanka kaɗai. Sauran, musamman masu jerin ganye ɗaya da suka dawo yayi saboda ƙudan zuma, a buɗe ake barinsu.