Jihar Kano: Muhallinta da Shimfiɗar Ƙasarta

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, sannan aka cire Jigawa daga cikinta a 1991. Tana iyaka da Katsina ta arewa maso yamma, da Jigawa ta arewa maso gabas, da Bauchi ta kudu maso gabas, da Kaduna ta kudu maso yamma.

Ƙasar ta kasu uku. Kudancinta, wajen Doguwa da Tudun Wada, ya fi samun ruwan sama; can ne duwatsun Riruwai masu kuza suke, da dajin Falgore. Arewacinta, wajen Ɗambatta da Kunci, jigawa ce ta gero da gyaɗa. A tsakiya kuwa birni yake, inda Dala da Goron Dutse suka tsaya. A gindin Dala maƙeran farko suka zauna saboda tama, har Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12.

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja mai gangarawa wajen Tafkin Chadi. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ta raya noman rani a Kura da Kadawa.

Sai dai a yau ganuwa tana zaizayewa, ana cike kududdufan da ke shanye ruwan damina, ambaliya tana shiga gidaje. Wannan ƙasa amana ce a wuyan mazaunanta. Allah Ya kiyaye ta, amin.