Daga Gizago Zuwa Kwamfuta: Tarihin Akwatin Lasifika a Tudun Wadan Zariya

Tun kafin zuwan Turawa, masassaƙan ƙasar Hausa sun san cewa icen da aka rarake cikinsa yana ƙara wa sauti ƙarfi. Mai sassaƙa kalangu ko ganga da gizago ba ya lissafi a takarda, amma ya san in ramin ya ƙuntata murya za ta yi siriri, in kuwa icen ya tsage aiki ya lalace. A kan wannan tsohon sani aka ɗora sana'ar da ake magana a kanta, ko da yake kayan aikinta baƙi ne.

Kafinta, wato mai aiki da zarto da ƙusa da katakon da aka tsaga, ya yawaita ne a Zariya bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe Sabon Gari don ma'aikata 'yan Kudu, ta kuma keɓe Tudun Wada, a wajen ganuwa, don 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba. Saboda haka unguwar ta zama matattarar baƙi masu neman sana'a, kuma da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, ga kuma Makarantar Koyon Sha'anin Mulki a Kongo, sai ma'aikata masu albashi suka yi yawa, masu son tebur da kujera da kabad.

Akwatin magana na farko da ya shiga gidajen mutane shi ne na rediyo mai waya, wanda aka soma a Ikko cikin shekarun 1930, ya iso Kano a 1944, daga baya ya kai Zariya. Akwati ne na katako da lasifika ɗaya a ciki, ana biyan kuɗinsa wata-wata, ba a kuma iya canza tasha. Ita lasifikar irin wadda Rice da Kellogg suka fito da ita ce a Amurka a 1925: maganaɗisu da naɗin waya suna kaɗa wata takarda mai siffar mazurari. Sa'ad da takardar ta tura iska gaba, tana janye ta baya. In ba akwati, iskar gaba da ta baya sai su haɗu su kashe juna, babbar murya ta ɓace. Aikin akwati ke nan, ya raba su. Don haka tilas ya kasance ba ya yoyon iska, ba ya rawa, girman cikinsa kuma ya dace da lasifikar. Wannan lissafi na ƙarshe Thiele ne ya shimfiɗa shi a Ostareliya a 1961, Small ya ƙarasa shi a farkon shekarun 1970.

Bukata ce ta sa kafintocin gida suka shiga aikin. Masallatai sun ɗauki lasifika, wa'azin fili ya bunƙasa musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, 'yan siyasar 1979 sun ɗaura nasu a kan motoci, masu biki su ma ba a bar su a baya ba. Da darajar naira ta faɗi a 1986, akwatin waje ya gagari mutane, sai mai gyaran rediyo ya sayo lasifika tsirara ya kai wa kafinta maƙwabcinsa.

Wuyar aikin tana wajen huda da'irar da lasifika za ta zauna. Da ƙaramin zarto da kurfi ake yi, kuma sau da yawa bakin ramin yakan karkace, iska ta riƙa fita, a toshe da gam da garin katako. Injin rauta na hannu, wanda aka ƙera irinsa mai nutsewa cikin katako a Jamus a 1949, ya kawar da wannan matsala. Kafinta yakan ɗaure shi a jikin siririn katako, ya kafa ƙusa a tsakiyar da'irar, ya zagaya. Ramin yakan fito sumul, har da matakin da bakin lasifika zai kwanta a kai.

Injin yanka mai bin umurnin lissafi kuwa a Jami'ar MIT ta Amurka aka nuna na farkonsa a 1952, don sassaƙa ƙarfen jiragen sama, kafin kwamfuta ta yi araha ya sauko kan katako. Fifikonsa a fili yake: in an zana akwati sau ɗaya, zai yanka ɗari ba wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Amma yana son wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar yanka, da wanda ya iya zane a kwamfuta, da jarin da mai rumfa a bakin titi ba shi da shi. Ga mai akwati biyu na masallacin unguwa, lokacin da za a ɓata wajen zane ya ishi mai rauta ya gama. Bugu da ƙari, babu ɗaya daga cikin injinan biyu da ke gyara kuskuren girman akwati. In lissafin ya karkace, kwamfuta za ta maimaita kuskuren ne sau ɗari, daidai wa daida.

Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron shago. A hannun maigidansa yakan koyi awo da riƙon inji da sauraren akwati ta hanyar ƙwanƙwasa shi da yatsa. Inda aka koma sayen katakon da inji ya riga ya yanka, abin da ya rage masa shi ne shafa gam da ɗaure sukurori da liƙa kafet a bayan akwati.