Daga Filin Koyon Harbi Zuwa Bakin Titi: Nazarin Horon Bindiga da Tsaron Ran Ɗan Sanda a Amurka, 1970 zuwa 2020

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda horon harbi na 'yan sandan Amurka ya sauya cikin shekara hamsin, tun daga kisan jami'ai huɗu a Newhall a 1970. An dogara da bayanan da aka wallafa kan wannan arangama, da alƙaluman rundunar birnin Niyok, da gwaje-gwajen masu bincike a Holan, da sakamakon wani horo a Louisville. Binciken ya nuna cewa iya saiti a filin koyon harbi ba kasafai yake bin jami'i zuwa fagen fama ba, kuma mafi yawan abin da ke tsare ransa yana faruwa ne tun bai kai hannu ga bindiga ba.

1.0 Gabatarwa

A al'ada, ana auna ƙwarewar ɗan sanda da yawan harsashin da ya zuba cikin hoton da aka kafe masa. Hoton ba ya motsi, ba ya ramawa, jami'in kuma ya san lokacin da za a ce ya buɗe wuta. Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: me wannan gwaji yake faɗa mana game da daren da mutum zai fito daga mota da makami a hannu?

2.0 Darasin Newhall

Da tsakar daren 5 ga Afrilu, 1970, jami'ai biyu na rundunar sintirin manyan hanyoyin Kalifoniya, Roger Gore da Walt Frago, suka tsayar da wata mota a Newhall, arewa da Los Anjeles, bayan rahoton cewa wani a cikinta ya nuna wa mutane bindiga. Mutanen cikin motar, Bobby Davis da Jack Twinning, tsofaffin fursunoni ne, ɗauke da makamai. Suka harbe jami'an biyu nan take. James Pence da George Alleyn suka iso kai ɗauki, su ma aka kashe su. Duka bai kai minti biyar ba. Babu wanda ya wuce shekara 24 a cikin mamatan, babu kuma wanda ya cika shekara biyu a bakin aiki.

Abin da bincike ya tono daga baya ya fi jarumtar jami'an muhimmanci a nan. An horar da su da harsashi mai sauƙin ƙarfi, samfurin .38, alhali wasunsu na fita sintiri da .357 Magnum mai tsananin ƙara da bugun hannu. An kashe Pence ne yana durƙushe yana ɗura harsashi ɗai-ɗai cikin libarbarsa, domin ba a ba su na'urar da ke zuba shida a lokaci guda ba. Sannan jami'an farko sun matsa kusa da motar da suka san akwai makami a ciki, ba su jira ɗauki ba. A ganin mai wannan nazari, wannan kuskure na ƙarshe shi ne uwa uba, tun da shi ya ba maharan damar fara harbi daga kusa.

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a kwalejojin 'yan sanda, wai an sami kwanson harsashi a aljihun Pence, saboda ya saba tattara su a filin koyon harbi. Mike Wood, a littafinsa na 2013 kan wannan arangama, ya nuna hakan bai faru ba. Malamai sun shafe shekara arba'in suna koyar da labarin a matsayin hujja, wanda ke nuna yadda wannan fanni ya fi jingina da labarin baka fiye da bincike.

3.0 Kallon matsalar ta fuskar makami

A 11 ga Afrilu, 1986, jami'an FBI takwas suka yi ɗauki-ba-daɗi da 'yan fashin banki biyu a Mayami. Aka kashe Jerry Dove da Benjamin Grogan, aka raunata biyar. Hukumar ta ɗora laifi mai yawa a kan harsashin 9mm da bai ratsa jikin ɗaya daga cikin maharan yadda ake so ba, ta koma ga harsashi mafi girma, abin da ya haifar da samfurin .40 a 1990. Bayan kusan shekara talatin ta dawo wa 9mm ɗin da ta bari, da hujjar cewa jami'ai sun fi samun abin da suka auna da shi.

4.0 Abin da alƙaluma suka nuna

A 2008 cibiyar RAND ta fitar da nazari kan rundunar Niyok. Daga 1998 zuwa 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari kaɗai na harsashin jami'ai ya sami wanda aka auna. Inda ba a rama harbin ba, adadin ya kai kashi 30. Waɗannan mutane ne da suka ci jarrabawar harbi. Sauran harsasan kuwa ba ɓacewa suke yi ba, a unguwa suke sauka, inda mutane ke zaune.

Raôul Oudejans da Arne Nieuwenhuys, a birnin Amsadam, sun gwada dalilin wannan giɓi. Suka sa 'yan sanda harbin abokin karawa mai ramawa da harsashin sabulu mai launi, wanda ke da zafi amma ba ya kisa. Da fargaba ta shiga, sai saiti ya lalace: jami'ai suka riƙa gaggawa, suna sunkuyar da kai, suna ɗauke ido daga inda ya kamata. Waɗanda aka ci gaba da horarwa cikin wannan yanayi sun gyaru, gyaran kuma yana nan bayan wata huɗu. Sai dai gwajinsu na 2012 ya fito da abin da ya fi tayar da hankali: jami'in da ke cikin tsoro ya fi saurin harbin wanda ya riga ya miƙa wuya.

5.0 Maganin da ya zo da cutarsa

Bayan Newhall, wani salon horo ya bunƙasa wanda ya sa tsirar jami'i gaba da komai. Ya yi amfani: an koyi fakewa bayan abin da harsashi ba ya ratsawa, an koyi tsayar da mota mai haɗari daga nesa, rigar sulke ta Kevlar ta yaɗu daga tsakiyar shekarun 1970. Amma an wuce gona da iri. A 1983 Dennis Tueller, ɗan sanda a Salt Lake City, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan lokacin da jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Manufarsa ita ce jami'i ya farga da wuri, ya ja da baya, ya nemi mafaka. Wasu malamai suka mayar da ita tamkar izinin harbin duk mai wuƙa da ya shigo wannan tazara.

Wanda aka cusa wa cewa kowane hannu da ya shiga aljihu ajali ne, zai ga bindiga inda babu. A 4 ga Fabrairu, 1999, jami'ai huɗu a unguwar Bronx ta birnin Niyok suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, 19 suka same shi. Walat ɗinsa ya ciro. Ba shi da makami.

Rabon lokacin horo ma ya nuna inda aka karkata. Binciken da ƙungiyar PERF ta yi a 2015 ya gano cewa kuratan 'yan sanda na samun kimanin awa 58 kan bindiga, amma awa 8 kacal kan dabarun kwantar da rikici.

6.0 Tazara, mafaka da lokaci

Masu kare salon da ya sa tsirar jami'i gaba da komai na cewa duk wani jinkiri sayar da ran jami'i ne. Hujjar Louisville ba ta goyi bayansu ba. A 2019 rundunar birnin ta ɗauki horon ICAT, wanda ke koya wa jami'i ya ba da tazara, ya sami mafaka, ya sayi lokaci da magana, musamman idan wanda ke gabansa ba bindiga yake riƙe da ita ba. Robin Engel da abokan aikinta na Jami'ar Cincinnati suka auna sakamakon: amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28, raunin farar hula da kashi 26, raunin jami'ai kuwa da kashi 36. Birni ɗaya ne, horon kuma bai shafi irin maharan Newhall kai tsaye ba. Duk da haka, abin da ya koyar shi ne abin da Gore da Frago suka rasa a daren.

Saboda haka maƙalar tana kira ga hukumomin da ke ba ɗan sanda bindiga su daina ɗaukar huda takarda a matsayin shaidar cancanta. A gwada jami'i da makamin da zai fita da shi, cikin duhu, a gaban abokin karawa mai ramawa, kuma a ba shi maki a kan harbin da ya ƙi yi kamar yadda ake ba shi a kan wanda ya samu.